Buga Haruffan Suna a Jikin Simbal: Guduma ko Zane?

Wani matashi mai kaɗa diram a ƙungiyar da ke zuwa wasa wajen bukukuwa ya aiko mini da tambaya. Ya ce: "Baba, na tara kuɗi na sayi simbal na hannu, kirash mai inci 16, rayid mai inci 20, da hayat mai inci 14. Sau biyu ke nan ana yi mini musanye in an tashi daga wasa, domin mu da yawa muke hawa ganga ɗaya. Wani makanike ya ce in kawo ya buga mini haruffan sunana da ƙarfen da ake buga lambar inji. Wani kuma ya ce gara in kai wa masu zana suna a jikin kofi da lambar yabo. Wanne ya fi, kuma ba zai kashe amon ba?"

Ɗana, kada ka kai wa makaniken nan. Ba don bai iya aikinsa ba, a'a, sai don hannunsa ya saba da kan inji, wanda ko ka kai masa duka goma bai san kana yi ba. Simbal ba haka yake ba. In dole sai ka sa alamar da ba ta gogewa, to a zana ta sama-sama a cikin ƙoƙon simbal ta ƙasa. Wannan ba ya taɓa amo ko kaɗan. Bugu da guduma kuwa caca ce, sau da yawa a ci, amma ranar da aka faɗi babu mai mayar maka da farantinka.

Bari mu daidaita suna tukuna, don kada mu yi ta magana a duhu. Wasu na ce masa faranti, wasu su ce kuge, ko da yake kugen da muka gada na baƙin ƙarfe ne mai baki biyu, daban yake da wannan. Ni simbal zan ce kamar yadda makaɗa ke faɗa, wato faifan ƙarfen nan da mai kaɗa diram ke sara da sanda, kirash da rayid da hayat kuma duk ire-irensa ne. Yana da sassa 3. Akwai tudun nan na tsakiya mai huda, wanda makaɗa ke kira bel, ni kuma zan ce ƙoƙo. Akwai kafaɗa, wato filin da ya gangaro daga ƙoƙo. Sai baki, inda sanda ke sara. Ƙoƙo ya fi ko'ina kauri da tauri, kuma kaurin yana raguwa ne har zuwa baki. A kirash marar nauyi bakin bai fi milimita 1 ba. Ka riƙe wannan, domin kusan duk amsar a nan take.

Kafin ka sa wa ƙarfe kaifi sai ka san irinsa. Simbal masu tsada, irin su A da K na kamfanin Zildjian, ko AA da HH na kamfanin Sabian, da kusan duk waɗanda ake ƙerawa da hannu a Turkiyya, ana yin su ne da tagullar da ake kira B20, wato jan ƙarfe kashi 80, kuza kashi 20. Kuzar nan dai irin wadda aka daɗe ana haƙa a Jos. Akwai B8, jan ƙarfe kashi 92, kuza kashi 8. Mutane na ɗauka B8 na 'yan koyo ne kawai, alhali Paiste 2002, wanda ya fito a 1971 kuma manyan makaɗa suka yi ta amfani da shi, B8 ne. Sai na ƙasa, wanda babu kuza a cikinsa, jan ƙarfe ne da tutiya, irin wanda ke zuwa kyauta tare da sabon diram, ko HCS na Meinl da SBR na Sabian. Da ido ma kana iya rabewa: B8 yana da ja-ja, B20 ya fi haske kamar an ɗiga masa azurfa, mai tutiya kuwa rawaya ne shar.

Abin da ya sa na tsaya a kan wannan shi ne, yawan kuza shi ke kawo daɗin amo, kuma shi ne ke sa ƙarfe ya zama mai saurin tsagewa. Mai tutiya in ka buge shi sai ya loɓa ya yi shiru. B8 ma yana da haƙuri. B20 kuwa, yadda ya fito daga narka, in ya faɗi ƙasa yana iya fashewa kamar tangaran. Don a iya sarrafa shi sai an yi ta gasa shi ana bi da shi cikin injin murza, ana juya shi, sau da yawa, sannan a danna masa ƙoƙo, a sake gasa shi ya yi ja, a tsoma shi cikin ruwa. A nan ne maƙeranmu ke mamaki in na faɗa musu. Su sun san in ka tsoma jan baƙin ƙarfe a ruwa tauri yake yi. Wannan tagullar akasin haka take, tsomawar ce ke ba ta laushin da za ta karɓi guduma ba ta fashe ba. Daga nan a yi ta dukan ta har ta ɗauki siffa, a ɗora ta a injin juyi a fere ta, shi ne layukan nan da ke zagaye jikinta. Simbal ɗin da ke hannunka ɗaure yake tamau kamar fatar ganga, kowane sashe yana jan ɗan'uwansa.

Shi ya sa in wani ya ce bari ya ɗan gasa wurin da wutar walda don ya yi laushi kafin ya buga harafi, ka ɗauki kayanka ka gudu. Wuta tana warware duk wancan aikin, wurin ya mutu, ya zama gautsi. Na taɓa ganin wanda aka yi wa haka, amonsa ya koma na murfin tukunya.

To, me ƙarfen buga harafi ke yi? Ba ya cire komai, tura ƙarfe yake gefe da ƙasa da ƙarfin tsiya, ya bar rami mai kaifin gindi. Ka dubi bakin harafin da kyau, kamar bakin kurfi yake. Haruffa irin su A, M, K da N kuma duk kusurwa ne masu tsini. Duk inda ƙarfe ke lanƙwashewa yana dawowa, wahalar ba ta bazuwa daidai, taruwa take a irin wannan tsinin. Ka tuna yadda mai shago ke yaga yadi: ya ɗan ɓalla bakin da almakashi, sai ya ja, yadin ya bi. Kirash yana kaɗawa sama da ƙasa duk sanda ka sare shi, dare ɗaya sau ɗaruruwa. In akwai tsini a inda yake lanƙwashewa, ba ranar zai tsage ba. Sai bayan wata shida, ko shekara biyu, ka ji wani ɗan zzz a ƙarshen amo, ka ɗaga shi a hasken rana, ka ga siririn gashi ya fito daga ƙafar harafi.

Matsala ta biyu ita ce abin da za a dafa masa. Harafi ba ya fita tsaf sai ƙarfen yana kwance daram a kan wani ƙarfen da ya fi shi tauri, babu iska a tsakani. Simbal kuwa babu inda yake a shimfiɗe. In ka kifa shi don ka buga a cikin ƙoƙo, bayan ƙoƙon yana taɓa uwar maƙera a ɗigo ɗaya ne kacal. Ka kauce wa ɗigon nan da faɗin farce, dukan ya tafi a banza, ya loɓa ƙoƙon. In ka buga ta sama, kana bukatar wani ƙarfe mai kumburi daidai da cikin ƙoƙon, wanda makanike ba shi da shi. Abin da zai yi shi ne ya ɗora a kan katako ko kan tsohon fistin.

Ni kaina da haka na koya. Ina sabon shiga aikin gyaran kayan kiɗa, aka kawo mini kayan badujala na wata makaranta, aka ce a sa musu alama don yara na ɗauka su kai gida. Na aro haruffa masu milimita 6, na kifa kirash a kan guntun layin dogo da muke gyara a kai, na zaɓi kafaɗa wajen yatsa uku daga baki don a riƙa gani daga nesa. Harafin farko ya fita rabi. Na ce bari in maimaita, na mayar da ƙarfen, bai zauna daidai inda yake ba, na sake kai masa. Harafin ya fito biyu kamar mai jiri ne ya rubuta. Na juya farantin, sai ga ƙulli ya tsiro ta ɗaya gefen kamar ƙurji. Na yi shiru da bakina na ƙarasa sauran. Zangon karatu bai ƙare ba aka dawo mini da shi, tsaga ta tashi daga harafin ta bi layin fira ta zagaya kusan tsawon ɗan yatsa. Na huda ƙarshenta biyu da siririn bakin dirila don ta tsaya, ya ƙara 'yan watanni, daga baya sai da aka yanke shi ya zama ƙaramin faranti. Sauran da na buga a ranar, waɗanda suke masu tutiya ne, ba abin da ya same su. Wanda ya fi su tsada shi ne ya tafi.

Na san abin da za ka ce, ai kamfani ma bugawa yake. Gaskiya ne. Gidan Zildjian, wanda ya samo asali a Istanbul a 1623 daga wani Ba'armeniye mai suna Avedis, ya daɗe yana danna tambarinsa a jikin ƙarfe, har da rubutu cikin haruffan Larabci irin na Turkawan Usmaniyya. Bayan da aikin ya koma Amurka a 1929 ma sun ci gaba da haka. Masu tara tsofaffin simbal da wannan tambarin suke gane zamanin da aka ƙera kowane ɗaya, ta girmansa da siffar haruffansa. Amma ka lura da bambanci. Su suna da mazauni da aka yi musamman don farantin ya kwanta, suna da ma'aunin ƙarfin da za a danna, tambarin bai da zurfi, har wani lokaci rabinsa ba ya karantuwa. In ɗaya ya lalace a hannunsu sai su mayar da shi tukunyar narka. Kai fa, in naka ya lalace, wa zai narka maka? Kuma su kansu tun cikin shekarun 1990 suka koma yin tambari da lambar siriyal da hasken leza.

Akwai haruffan bugu da aka yi don irin wannan damuwar, masu bakin da aka dulmuƙe, ko waɗanda ke fitar da harafi ɗigo-ɗigo ba layi ba. Masu aikin bututun mai da tukwanen iskar gas da sassan jirgin sama su suke amfani da su, saboda sun san abin da tsini ke haifarwa. In ka samu irinsu, masu milimita 3, a kan ƙoƙon rayid mai kauri, da mazauni mai kyau, da duka ɗaya tak, to haɗarin ya ragu ƙwarai. Ba zan ce maka duk simbal da aka buga wa harafi ya mutu ba, na ga waɗanda suka girme ka suna nan lafiya. Sai dai ban ga ribar da bugun ke kawowa wadda zane bai kawo ba. Abu ɗaya ne kawai: lambar da aka buga, ko ɓarawo ya goge ta, ƙarfen ƙarƙashinta ya riga ya danne, masu bincike na iya tayar da ita da sinadari, kamar yadda ake yi wa lambar inji da ta bindiga. Amma tsakani da Allah, wane ofishin 'yan sanda ne zai yi wannan wahalar a kan farantin makaɗi?

Wani abin dariya kuma, akwatin haruffan bugu daga A zuwa Z ne, sai lambobi 9, domin 6 ita ake juyawa ta zama 9. Babu Ɗ, babu Ƙ, babu Ɓ. In sunanka Ɗanladi ne ko Ƙasimu, sai dai ka haƙura da lanƙwasar, ko makanike ya ce bari ya ƙara maka ita da kurfi, wanda shi ne ma mafi muni.

Yanzu zane. Akwai ɗan injin lantarki mai kama da alƙalami mai kauri, bakinsa tsini ne na ƙarfe mai tauri, ba juyawa yake ba, karkarwa yake yana caccakar wurin. Shi ne masu rubuta suna a jikin kofi da agogo da tukwanen amare ke riƙewa. Layin da yake bari ɗigo ne ƙanana jere da juna, marasa zurfi. Shi na fi so. Akwai mai juyawa irin na Dremel, in za a yi da shi a sa baki mai kan ƙwallo, ba mai tsini ba, don gindin layin ya zama a zagaye. Matsalarsa yana son ya zame ya bi layin fira, kafin ka ankara ya ja maka wutsiya. Akwai kuma zanen hannu zalla da tsinin ƙarfe, wanda maƙeran farfaru masu zobe da munduwa suka ƙware a kai. In ka samu dattijo a cikinsu mai natsuwa, ka ce masa karta kake so ba sassaƙa ba, zai yi maka aikin da ya fi na inji kyau. Sai dai ka tsaya a kansa, domin hannunsa ya saba da azurfa mai laushi da son ƙawa, yana iya cika maka ƙoƙon da furanni.

Batun amo kuwa, mu yi lissafi ka huta. Haruffa 3 masu tsayin milimita 5, in ka miƙe layukansu gaba ɗaya ba su wuce milimita 50 ba. Faɗin layin wajen sulusin milimita, zurfinsa bai kai kaurin takarda ba. Nauyin tagullar da ta fita bai kai miligiram 10 ba. Kirash ɗinka mai inci 16 yana kusa da giram 1,000, rayid ya haura 2,000. Dauɗar hannu da ke manne a jikinsa ta fi abin da aka cire nauyi. Ka tuna kuma ana huda simbal da gangan a sa masa ƙusoshin ribit don ya riƙa tsatsa, wasu ma kamfani ke fafe musu manyan ramuka, irin O-Zone na Sabian. In rami mai santsin baki bai kashe shi ba, karta ba za ta kashe shi ba. Ba yawan abin da aka cire ne abin tsoro ba, kaifin wurin ne da inda yake.

Ga yadda nake yi in an kawo mini. In ninke tsohon tawul a kan tebur, in kifa simbal ɗin, ƙoƙon yana kallon sama kamar kwano. In goge cikinsa da ɗan sifirit don maiƙo ya fita. In duba inda sosan sandar da ake ɗora simbal a kai ke zama, za ka ga da'irar da ta yi haske ko ta yi baƙi kewaye da hudar. Ba na rubutu a cikin da'irar nan, domin gugar soso za ta cinye shi, kuma bakin huda wuri ne da tsaga ke son farawa. Ba na kuma sauka zuwa inda ƙoƙo ya haɗu da kafaɗa, nan ma wurin tsaga ne. Tsakanin biyun nake zaɓa, wajen santimita 2 daga bakin huda. In fara rubuta haruffan da maka, wato alƙalamin tawada, mai siririn baki, in nuna wa mai shi, in ya yarda sai in rage ƙarfin injin zuwa ƙasa-ƙasa, in gwada a jikin tsohon makulli ko fasasshen faranti, sannan in bi rubutun sau ɗaya, injin a ɗan kishingiɗe kamar riƙon biro, ba tare da dannawa ba. Nauyin injin ya isa. Farantin zai yi ta kururuwa, ƙara ce mai shiga haƙori, don haka in sa yaro ya dafa kafaɗar da tafin hannu biyu. In ka shafa da farce ka ji ya ɗan kama, ya yi. In farce ya faɗa ciki ya tsaya, an wuce gona da iri. Haruffa masu lanƙwasa sun fi masu kusurwa, shi ya sa rubutun ajami ke zama lafiya a nan, ga shi kuma ba kowa ke da irinsa ba.

Ranar farko rubutun zai yi ƙyalli har ka ga kamar ya yi yawa. Ka ba shi makonni, iska za ta dusashe shi ya yi duhu, ya zauna. Wasu simbal suna zuwa da siririn fenti marar launi da ke hana su dusashewa, to inda aka karta ne kawai zai yi duhu, sai ma ya fi karantuwa. Hayat kuma, wanda ake takawa da ƙafa, ka tuna biyu ne, na sama da na ƙasa, kowanne ya samu tasa alamar, domin ɗaya ake musanyawa a bar maka ɗaya, kuma na ƙasa yawanci ya fi nauyi, in aka haɗa maka da baƙo sai ka ji takun ya canza ka rasa dalili.

Leza ita ce mafi tsafta in ka samu. Amma ka tambayi mai shagon irin injinsa. Wanda ke yanka katako da roba da fata ba ya cin tagulla tsirara, hasken dawowa yake. Wanda ake kira faiba, mai rubutu a bayan waya da ƙarfen makulli, shi ne ke yi. Sai dai zurfin ƙoƙo yana ba su wahala wajen saita haske, kuma rayid mai inci 20 ba kowane inji yake shiga ba. Akwai masu ci da sinadari, su shafa jan farce, su karta haruffa a cikinsa, su ɗiga ruwan ferik kulorayid da masu haɗa allon rediyo ke amfani da shi, bayan ɗan lokaci su wanke da ruwa da bakar hoda. Yana aiki, gindin layin ma babu kaifi. Ban cika ba wa sabon hannu shawarar ba, saboda ɗigo ɗaya in ya gangara kafaɗa tabon ya zauna ke nan. Ruwan batir kuwa ko kusa.

Me za a rubuta? Nan ne mutane ba sa tsayawa su yi tunani. In ka sa M.A., rabin makaɗan garinku M.A. ne. Ka haɗa haruffan da lambobi 4 na ƙarshen wayarka, ko wata 'yar alama taka. Kada ka sa lambar NIN ko BVN. A Amurka, daga shekarun 1960 zuwa 1970, 'yan sanda sun yi ta kiran jama'a su zana lambar shaidarsu a jikin kayansu don maganin sata, har aron injin zanen suke bayarwa. Shi ya sa har yau in ka kifa tsohon simbal da ya zo cikin kayan gwanjo, wani lokaci sai ka ga dogayen lambobi an karta a ciki. Mai shi wataƙila ya daɗe da mutuwa, lambarsa tana yawo a kasuwar Alaba.

Ka kuma yi tunanin ranar sayarwa, domin makaɗi ba ya mutuwa da simbal ɗin da ya fara da shi. Ƙananan haruffa a cikin ƙoƙo ba sa rage kuɗi sosai a kasuwarmu, mai saye amo yake bi. Suna ɓaro-ɓaro a kafaɗa ta sama kuwa yana karya daraja, kuma yana sa mai saye zargi. Sannan kafin kowa ya taɓa kayanka, ka duba tambarinsu. Tunda na hannu ka saya, ba mamaki akwai tsohon K na Istanbul a ciki, mai tauraro da jinjirin wata, wani lokaci da sa hannun maƙerin da tawada a cikin ƙoƙo. Irin wannan ɗaya yana iya fin diram ɗinka gaba ɗaya kuɗi a wajen masu nema. Shi ko maka ba na so a sa masa kusa da sa hannun, balle sifirit ko tina. In sabo ne kuma mai garanti, ka sani kamfanoni ba sa karɓar wanda aka yi wa aiki a jiki.

Amma bari in dawo kan abin da ka ce yana damun ka. Ba sata ka ce ba, musanye ka ce. Musanye yana faruwa ne ƙarfe 2 na dare, an kashe janareta, kowa na tattara kaya da hasken waya. A wannan lokacin babu mai kifa faranti ya nemi ƙananan haruffa. Abin da ke aiki shi ne dabarar iyayenmu mata. In ana biki an tara kwanuka da tire na unguwa, kowace ta ɗiga jan farce a gindin nata, wata ja, wata shuɗi, wata ɗigo biyu. Ka yi haka. Ɗigon jan farce mai haske ko maka mai fenti, babba, a cikin ƙoƙo, launi ɗaya a duk kayanka har da sanduna da mazaunansu. Bai da nauyin da zai taɓa amo, in ya goge ka sabunta, ranar sayarwa ka cire. Zanen yana nan a gefe don ranar gardama, ɗigon kuma don duhu.

Ranar gardama kuwa, abin da ya fi haruffa ƙarfi shi ne shaidar da ke cikin wayarka. Ɓarawon da ya san abin da yake yi minti biyu ya ishe shi ya bi zanenka da samfefa. Abin da ba zai iya gogewa ba shi ne nauyi da sawun guduma. Ka kai kowane ɗaya kan sikelin dijital, irin na masu sayar da kayan ƙamshi ko na masu yin kek, ka rubuta nauyinsa da giram. Simbal biyu masu suna ɗaya da girma ɗaya da wuya nauyinsu ya zo daidai, shi ya sa maƙeran Turkiyya da yawa ke rubuta giram ɗin a cikin ƙoƙo. Ka ɗauki hoton sama da ƙasa a hasken rana ta gefe, yadda sawun guduma da duk wani tabo zai fito. Ka ɗauki tambarin kusa-kusa, da lambar siriyal in akwai, Paiste sun daɗe suna sa ta tun shekarun 1970. Ka tura hotunan ga imel ɗinka don kada su tafi da wayar. In ka tsaya gaban shugaban ƙungiya ko mai unguwa ka ce nawa giram kaza ne, ga hoton lotsawar da ke gefen tambari, a ɗora a sikeli, magana ta ƙare. Haka in kai ne mai saye, ka riƙa kifawa kana duba cikin ƙoƙo. In ka ga wuri ɗaya ya yi ƙyalli, layukan fira sun ɓace, an goge sunan wani ne, ka tambayi mai sayarwa inda ya samo.

Da kayanka a gabana suke, rayid da hayat zan zana musu a cikin ƙoƙo ba tare da wani ɗar ba. Kirash ɗin sai na auna shi a hannu, in siriri ne sosai jan farce da hoto sun ishe shi. Kuma tunda za ka sauke su, ka duba sandar da suke zama a kai. In robar da ke raba hudar simbal da zaren ƙarfe ta cinye, ƙarfe na cin ƙarfe, hudar za ta fara tsawo kamar ramin makulli, daga nan tsaga. In ba ka samu robar a shago ba, ka yanki guntun tiyon mai na babur, wajen santimita 2, ka zura a sandar, sosa a ƙasa sosa a sama, kuma kada ka ɗaure goron tamau, ka bar farantin yana rangaji.